Windows 11: a duba injin tukuna, kafin a zo maganar filash

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayoyi kan Windows 11 sun yi yawa, kuma kusan duk kanwar ja ce: na haɗa filash ya ƙi tashi, an ce kwamfutata ba ta cika sharaɗi ba, na gama ɗorawa yanzu tana neman wasu lambobi 48. Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 kowa ya taso haiƙan. Bari mu tattara maganar wuri guda.

Ni a wurina filash shi ne na ƙarshe a layi. A fara sanin abin da ke cikin injin. Abin da Windows 11 ke nema: furosesa mai 64-bit da ke cikin jerin da Microsoft ta amince da su, RAM aƙalla 4GB, faifan ajiya aƙalla 64GB, TPM 2.0 (sashen tsaro da ke ajiye makullai a cikin injin), da kuma injin da ke tashi ta UEFI (sabon tsarin tashin kwamfuta) wanda zai iya Secure Boot (tsaron da ke tantance manhajar da ke tayar da injin). Akwai sharaɗin allo da na katin hoto, amma da wuya su ne ke hana mutum.

A danna maɓallin Windows da R tare, a rubuta msinfo32. Layi uku za a duba: Processor, BIOS Mode, da Secure Boot State. Sai a sake danna Windows da R, a rubuta tpm.msc, a duba inda aka rubuta Specification Version. In 2.0 ne, madalla.

Autan Zaure:
Wa alaikumus salam Baba. To ai akwai PC Health Check, manhajar Microsoft mai duba ko inji ya cancanta, me ya sa mutum zai wahalar da kansa da duk wannan?

Injiniya:
Auta, PC Health Check yana da amfani, amma abin da ya gani yake faɗa, ba ya faɗin dalili. Zai ce maka bai ga TPM ba. Kai kuma sai ka ɗauka babu, alhali yana nan a kashe a cikin BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi. Injinan Intel daga wajen zubi (generation) na shida zuwa sama galibi suna da TPM a cikin tsarin bod ɗin kansa, sunansa PTT. Na AMD kuma fTPM. A kwamfutar tebur da aka harhaɗa, sau da yawa a kashe yake zuwa. Ka shiga BIOS, ka nemi shafin Security ko Advanced, ka kunna, ka ajiye saitin ka fita. A ThinkPad ana kiransa Security Chip, a HP za ka ga TPM Device da TPM State, a Dell kuma TPM 2.0 Security ko PTT. Suna ne kawai ya bambanta.

Amma ka lura da kyau, kusa da wurin kunnawar akwai Clear TPM. Kada hannunka ya kai can. In faifan a kulle yake da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, goge TPM yana nufin makullin da ke buɗe shi ya tafi.

Maman Ihsan:
Ina so a tsaya a kan furosesa, don a nan 'yan'uwanmu masu sayen laftof na hannu suke shiga tarko. A Intel, daga zubi na takwas ake farawa. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin (daga na goma zuwa sama, lambobi biyun farko): i5-8250U na takwas ne, i5-7300U na bakwai. Kada a dogara da sunan laftof ɗin. HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 7490 da ThinkPad T480 duk an fi saninsu da zubi na takwas, amma an fitar da wasunsu da furosesa zubi na bakwai. Jiki ɗaya, kamanni ɗaya, ɗaya ya cancanta ɗaya bai cancanta ba. Mai saye ya buɗe msinfo32 a gaban mai kaya kafin ya ƙirga kuɗi.

AMD ma akwai inda ake rikicewa. Ana cewa Ryzen 2000 zuwa sama, amma ba duka ba ne. Ryzen 5 2600 na tebur yana cikin jerin. Ryzen 5 2500U na laftof da Ryzen 3 2200G ba sa ciki, domin duk da lambar dubu biyu da suke ɗauke da ita, ƙirar cikinsu ta zubin farko ce.

Ɗan Damagaram:
Hajiya kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Celeron N4020 mai RAM 4GB da ajiya 64GB ta samu shiga jerin, i7 zubi na bakwai mai RAM 16GB an bar ta a waje. Wace ce ta fi iya ɗaukar Windows 11 a cikinsu? Kowa a zauren nan ya san amsa. Shi ya sa ni ban ga laifin tsallake sharuɗɗan da Rufus, manhajar haɗa filash, ba.

Baban Khalifa:
Za mu zo nan, Malam. A bari mu gama da duba injin, don wanda zai tsallake sharaɗi ma sai ya yi wannan binciken.

Injiniya:
To, BIOS Mode. In ya nuna UEFI an wuce wurin. In ya nuna Legacy, kusan tabbas faifan a tsohon tsarin rabon faifai na MBR yake, kuma Secure Boot ba ya aiki a haka. Don tabbatarwa a buɗe PowerShell a rubuta Get-Disk, a duba ƙarƙashin Partition Style.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya ruga BIOS ya juya daga Legacy zuwa UEFI kai tsaye. Kwamfuta sai ta ce ba ta ga abin tashi ba, hankalinsa ya tashi. Ba abin da ya lalace, kawai dai UEFI ba ya tayar da Windows daga faifan MBR. Faifan ake fara juyawa zuwa sabon tsarin, GPT. Tun sigar 1703 Windows 10 yana zuwa da mbr2gpt. A buɗe Command Prompt da ikon Administrator:

mbr2gpt /validate /allowFullOS

In ya ce ya yi nasara, sai:

mbr2gpt /convert /allowFullOS

Daga nan a sake kunna injin, a shiga BIOS, a kashe Legacy ko CSM, a bar UEFI. Abin da ke sa binciken farko ya faɗi galibi shi ne fatishan sun haura uku, ko akwai irin wanda ake kira extended. Masu raba faifai zuwa C da D da E da F su ne ke cin karo da wannan. Kuma juyawar hanya ɗaya ce, mbr2gpt ba ya mayarwa MBR.

Mai Shagon Kafe:
Oga Injiniya, ka tsallake mataki. Kafin a taɓa BIOS ko faifai, BitLocker. A rubuta manage-bde -status a Command Prompt. In ya nuna Protection On, a fara nemo makullin ceto, lambobin nan 48. Wanda ya shiga da asusun Microsoft zai same su a shafin account.microsoft.com/devices/recoverykey. Ko kuma a rubuta manage-bde -protectors -get C: a kwafe su a takarda, a ɗauki hoto da waya. Sannan a dakatar da BitLocker ɗin kafin a canza komai a BIOS.

Mutane da yawa ba su ma san faifansu a kulle yake ba, don sababbin laftof suna kulle kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft. Ranar da aka kunna Secure Boot ko aka sabunta BIOS, sai shuɗin allo ya fito yana neman makulli. In babu, babu wani mai gyara a duniya da zai fito maka da fayilolin. Ba maganar ƙwarewa ba ce.

Injiniya:
Haka ne, wannan ya riga mbr2gpt a jeri. Na gode.

Maman Ihsan:
Sai lafiyar kayan ciki, wadda PC Health Check ba ya dubawa sosai. Ɗora Windows aiki ne mai nauyi, ana rubuta gigabait da yawa a kan faifai ba hutawa. Faifan da ke ɗingishi a nan yake faɗuwa.

A sauke CrystalDiskInfo. In ya nuna Good da shuɗi, to. In ya nuna Caution da rawaya, a duba layuka uku: 05, C5 da C6. Na farko yana ƙirga wuraren da suka lalace aka maye su, na biyu waɗanda ake zargi, na uku waɗanda suka gagara gyaruwa. Muddin C5 ko C6 ba sifili ba ne, a kwashe fayiloli a canza faifai, kada a ɗora komai a kansa. Kuma gaskiya duk wanda har yanzu yake kan faifai mai juyawa, ya sa SSD ko da 256GB ne. Windows 11 a kan tsohon faifai da RAM 4GB zai hau, amma mai shi zai tsani kwamfutarsa. RAM 8GB shi ne inda ake fara numfashi.

RAM kuma a gwada shi. A rubuta mdsched a yi gwajin Windows, ko a yi amfani da MemTest86 a bar shi ya zaga sau huɗu. Kuskure ko ɗaya ne, akwai matsala. RAM mai lahani shi ne ke sa ɗorawa ta tsaya a tsakiya tana cewa fayil ya lalace, mutum ya yi ta canza filash a banza.

Ɗan Damagaram:
A ƙara da batir, don yanayin wutarmu ba sai an faɗa ba. powercfg /batteryreport zai fitar da rahoto. A kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. Batirin da ya koma ƙasa da rabin ƙarfinsa na asali ba abin dogaro ba ne, a nemi inda wuta za ta tsaya awa biyu, ko sola ko janareta. Kwamfutar tebur kuma ba a fara wannan aiki ba tare da UPS ba. In wuta ta ɗauke ana tsakar ɗora Windows, a mafi yawan lokuta sake farawa ne kawai. In ta ɗauke ana tsakar sabunta BIOS, wannan kuma sai an kwance bod.

Wani ƙaramin abu: in kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka kunna injin, ƙaramin batirin nan na bod ne ya mutu, CR2032 mai volt 3. A canza shi tukuna. In ba haka ba saitin da aka yi a BIOS yana iya gogewa, kuma kwanan wata mara daidai yana hana shafuka buɗewa da tabbatar da lasisi.

Autan Zaure:
To yanzu an gama dubawa. Filash nawa zan saya, kuma da me zan haɗa?

Baban Khalifa:
Microsoft ta ce 8GB. Ni na ce ka sayi 16GB, don fayil ɗin ISO, wanda ke ɗauke da Windows ɗin da za a ɗora, ya haura 5GB kuma kullum ƙara girma yake, ga direbobi da za ka so ka ajiye a gefe. Mai USB 3.0, wanda bakinsa shuɗi ne a ciki. Duk abin da ke kansa zai goge.

Amma kafin ka ɗora masa komai, ka gwada shi. Filashin jabu sun cika kasuwa. Ana ɗaukar mai 4GB ko 8GB a sauya masa bayani ya riƙa nuna 64GB. Kamar mudu ne da aka ɗaga wa gindi: ido yana ganin ya cika, awo bai kai ba. Windows zai kwafa fayiloli ba tare da ƙorafi ba, amma duk abin da ya wuce ainihin girman ya tafi iska. Sai an kai tsakiyar ɗorawa, bayan an riga an goge faifai, abin zai bayyana. H2testw yana cika filash ɗin da bayanai sannan ya karanta su ya kwatanta. Yana ɗaukar lokaci, a bar shi ya gama. Rufus ma yana da Check device for bad blocks a ƙarƙashin ƙarin zaɓuɓɓukan fomat.

Mai Shagon Kafe:
Wajen haɗawa, ni Media Creation Tool nake ba wa wanda injinsa ya cika sharaɗi shawara. Na Microsoft ne, ba ya tambayar GPT ko MBR, yana yi wa filash fomat na FAT32 wanda kowane UEFI ke karantawa, kuma yana tashi ko Secure Boot a kunne yake. Danna, danna, an gama.

Injiniya:
Ga mai intanet mai ƙarfi da ba ya ƙirga data, na yarda. Amma shi wannan yana saukewa ne a lokacin da yake haɗawa. Sabis ya yanke ko filash ya ba da matsala a ƙarshe, sau da yawa an koma farko, data ta tafi. In ma da shi za a yi, a zaɓi ya ajiye ISO maimakon ya rubuta kai tsaye a filash. Ko a sauke ISO ɗin daga shafin Microsoft da manhajar saukewa mai iya ci gaba daga inda ta tsaya. A dai sani mahaɗin da suke bayarwa awa 24 yake yi ya mutu. ISO ɗaya a hannu zai haɗa filash goma.

Kuma a tabbatar da shi bayan saukewa. A PowerShell:

Get-FileHash C:\inda-yake\sunan-fayil.iso

Zai fitar da haruffa da lambobi 64. A shafin saukewar akwai Verify your download, inda aka jera na kowane harshe. Su zo daidai harafi da harafi. Wannan ya fi muhimmanci in ISO ɗin daga hannun wani aka karɓa. Waɗanda ake yawo da su da sunan Lite ko wai an riga an kunna musu lasisi, ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki, kuma a kansu mutum zai buɗe asusun bankinsa.

Autan Zaure:
Yaya Injiniya, ba zan iya buɗe ISO ɗin in kwafe fayilolin kawai zuwa filash ba?

Injiniya:
A UEFI hakan yana aiki in filash ɗin FAT32 ne, amma akwai cikas. FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB, shi kuma install.wim da ke cikin folda sources ya wuce haka. Media Creation Tool yana kauce wa wannan da install.esd wanda aka matse. Rufus kuma yana yin NTFS, sannan ya ƙara wani ɗan mitsitsin fatishan a ƙarshe mai suna UEFI:NTFS da ke koya wa injin karanta NTFS. Tun siga ta 3.17 wannan ɗan fatishan yana da sa hannun da Secure Boot ke karɓa, saboda haka tsohuwar shawarar nan ta a kashe Secure Boot kafin a tashi da filashin Rufus ta wuce, in dai sabon Rufus ne daga rufus.ie.

Mai son yi da hannu sai ya tsaga fayil ɗin:

dism /Split-Image /ImageFile:install.wim /SWMFile:install.swm /FileSize:3800

Zai fito da install.swm da install2.swm, a zuba su a sources a maimakon na asalin.

Saitin Rufus kuwa: a zaɓi filash, a zaɓi ISO, Partition scheme ya zama GPT, Target system ya zama UEFI. A duba sunan filash ɗin da girmansa sau biyu kafin a danna Start, musamman in akwai wani faifan waje a jone.

Ɗan Damagaram:
Masu gyara kuma Ventoy ya fi musu. Sau ɗaya ake girka shi a filash, daga nan sai dai a riƙa jefa ISO kamar kowane fayil: Windows 11, Windows 10, Linux Mint, MemTest86, duk a wuri guda, a zaɓa lokacin tashi. In Secure Boot a kunne yake, karon farko a kowane inji shuɗin allo zai fito a yi rajistar makullinsa. Wasu injinan ba sa jituwa da shi, don haka a riƙe filashin Rufus ɗaya a aljihu.

Maman Ihsan:
Akwai abin da ba a bambance ba har yanzu, kuma shi ne ke cinye fayilolin mutane. Hanya biyu ce. Ɗaya ita ce ɗorawa a kan Windows 10 ɗin da ke nan, manhajoji da fayiloli su zauna. Ɗayar ita ce goge komai a fara sabo.

Mai son ta farko ba ya tayar da kwamfuta daga filash. Yana cikin Windows 10 ɗinsa zai buɗe filash ɗin, ko ya danna ISO sau biyu, ya kunna setup.exe. In zaɓin Keep personal files and apps ya ƙi dannuwa, harshe ne bai zo ɗaya ba. Laftof da yawa da ake shigo da su daga Ingila suna kan Turancin Birtaniya, mu kuma mun saba sauke na Amurka. A rubuta dism /online /get-intl a duba Default system UI language. In en-GB ne, a sauke English International. In en-US ne, a sauke English United States. Wanda kuma yake kan Windows 10 mai 32-bit ba shi da wannan hanyar sam, don Windows 11 ba shi da 32-bit, dole a goge a fara sabo.

Bayan an ɗora ta hanyar farko, akwai kwana 10 na komawa baya, muddin ba a goge foldar Windows.old ba. Ana iya tsawaita shi zuwa 60 da dism /online /Set-OSUninstallWindow /Value:60, amma sai an yi kafin goman su cika.

Mai Shagon Kafe:
Mai gogewa kuma ya kwashe direbobinsa kafin ya fara:

pnputil /export-driver * E:\direbobi

A fara ƙirƙirar foldar a wani faifan waje. Dalili shi ne Windows 11 yana neman intanet a lokacin saiti, in bai gane katin Wi-Fi ba an maƙale. Wayar Android da kebul tana iya fitar da mutum, a kunna USB tethering, amma gara direban yana hannu.

Maganar lasisi kuma, yawancin laftof tun zamanin Windows 8 makullin lasisinsu a cikin BIOS yake, saiti yana ɗaukarsa da kansa. In Windows 10 ɗin da ke kai halastacce ne, 11 zai kunna kansa da zarar ya ga intanet, a danna I don't have a product key kawai. Sharaɗi dai a ɗora irin wanda ake da shi, Home a kan Home, Pro a kan Pro.

Autan Zaure:
Maɓallan tashi fa? Kullum mantawa nake.

Baban Khalifa:
HP: Esc, sannan F9 don zaɓen abin tashi, F10 don BIOS. Dell: F12 da F2. ThinkPad: F12 da F1. Sauran Lenovo: F12 da F2, ko ɗan ramin Novo da ake tsokana da tsinke injin yana kashe. Acer: F2, shi F12 ɗin sai an kunna shi a BIOS. Laftof ɗin Asus: Esc da F2. In injin yana saurin wucewa, a riƙe Shift a danna Restart daga cikin Windows, a zaɓi Use a device.

In filash ya fito sau biyu a jerin, a ɗauki mai UEFI a gaban sunansa. Ɗaukar ɗayan shi ke jawo saƙon nan na ba za a iya ɗorawa ba saboda faifan GPT ne.

Injiniya:
Akasinsa kuma, in ya ce faifan MBR ne kuma dama gogewa za a yi, a goge duk fatishan ɗin faifan har ya zama Unallocated guda ɗaya, saiti zai mayar da shi GPT da kansa. Masu son diskpart su danna Shift da F10, list disk, select disk, clean, convert gpt. Umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata. Lambar faifai ɗaya aka kuskure, an share filash ɗin kansa ko faifan hotunan iyali. Shi ya sa a injin mai faifai biyu ake cire na biyun kafin a fara. Ko ba don gogewa ba, saiti yana iya ajiye fayilolin tashi a kan na biyun, ranar da aka cire shi Windows ya ƙi tashi.

Matsala biyu da ke kama da juna amma ba ɗaya ba ne. In tun farko ya ce A media driver your computer needs is missing, filash ne ko ISO ko ramin USB. A canza rami, a jona kai tsaye ba ta hub ba, in ya ƙi a sake haɗawa. In kuma an kai wurin zaɓen faifai aka ga wayam, wannan a laftof ɗin Intel zubi na 11 zuwa sama VMD ne, wani tsarin Intel na sarrafa faifai. A sauke direban Intel Rapid Storage Technology daga shafin kamfanin laftof ɗin, a warware shi a cikin filash, a danna Load driver a nuna masa foldar. Ko a kashe VMD a BIOS, ko a juya daga RAID zuwa AHCI. Amma wannan juyin na mai gogewa ne kaɗai. A yi shi a kan Windows mai aiki, sai shuɗin allo da INACCESSIBLE BOOT DEVICE.

Ɗan Damagaram:
To Baba, mun iso maganata? Rufus yana da akwatin cire sharaɗin RAM da Secure Boot da TPM. Inji zubi na shida ko na bakwai mai SSD da RAM 8GB yana tafiya lafiya lau. A ce wa ɗalibi ko mai shagon buga takardu ya jefar da shi ya sayi sabo, a wannan tsadar?

Maman Ihsan:
Ba wanda ya ce a jefar, Malam. Amma a faɗa wa mai inji gaskiyar abin da ya ɗauka. Microsoft ta ce ba ta yi alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan injinan ba. A aikace na wata-wata suna zuwa, amma babbar sigar shekara ba ta sauka da kanta, sai an sake ɗorawa da hannu. Kowace siga ta Home da Pro wata 24 take da shi. Wanda aka yi wa aka sallama bai san wannan ba, bayan shekara biyu yana zaune a kan Windows ɗin da ba ya samun gyaran tsaro, ya koma inda ya gudo.

Kuma ƙofar tana iya rufewa. Daga sigar Windows 11 ta 24H2 furosesa dole ta iya wasu umarnai da ake kira POPCNT da SSE4.2. Core 2 Duo ba ta da su, kuma wannan ba sharaɗin takarda ba ne da Rufus zai cire, injin ne ba zai tashi ba kwata-kwata.

Ɗan Damagaram:
Core 2 Duo ai ta yi ritaya, Hajiya. Ni kan zubi na shida da na bakwai nake magana.

Mai Shagon Kafe:
Ni inda na tsaya: injin gida ko na ɗalibi wanda mai shi zai iya sake ɗorawa, a tsallake. Injin ofis, na asibiti, ko wanda ake harkar kuɗin mutane a kai, a'a. Akwai kuma shirin ƙarin wa'adi na Windows 10 da ake kira ESU, gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026, da dala 30 ko maki 1,000 na Microsoft Rewards ko ta kunna Windows Backup da asusun Microsoft. Sai injin yana kan sigar Windows 10 ta 22H2. Wanda kuma aikinsa burauza ce da rubutu, Linux Mint zai riƙe shi, kuma ana iya gwada shi daga filash ba tare da an taɓa faifai ba, a ga ko Wi-Fi da sauti da firinta suna aiki.

Injiniya:
In za a tsallake ɗin, a tsallake abin da ya zama dole kaɗai. Injin zubi na bakwai galibi yana da TPM 2.0 da Secure Boot, furosesa ce kawai matsalarsa. A bar su a kunne. Wasu HP da Dell na ofis masu TPM 1.2 ma kamfanonin sun fitar da manhajar ɗaga shi zuwa 2.0, a duba shafin tallafi da lambar injin.

Baban Khalifa:
Abu ɗaya da ya shafi na hannu, musamman waɗanda suka fito daga kamfanonin waje. Wasu an yi musu rajista da Windows Autopilot. Ana gogewa a jona intanet, sai allon saiti ya fito da sunan wani kamfani yana neman imel ɗin ma'aikaci. Sake fomat ba ya cirewa, canza faifai ma haka, don rajistar tana can a wurin Microsoft ɗaure da shaidar injin. Kamfanin da ya yi ta ne ke iya sakinta. Haka kalmar sirrin BIOS: in an kulle, ba kunna TPM, ba canza tsarin tashi, kuma a sababbin injinan ofis cire batirin bod ba ya goge ta. Mai saye ya shiga BIOS ya canza wani abu ya ajiye a gaban mai kaya, ya kuma nemi a goge injin a kai shi allon saiti da intanet a jone.

Autan Zaure:
Tambaya ta ƙarshe. Na ga wani yana cewa bayan ya kai ɗari bisa ɗari kwamfutar ta sake kunna kanta, sai ta dawo da shi farkon saiti.

Mai Shagon Kafe:
Ya sa filash a saman jerin tashi a BIOS ne, shi ya sa take komawa kansa. Da allo ya yi baƙi a sake kunnawar farko, ya zare filash ɗin, za ta ci gaba daga faifai. Kada ya sake danna Install, zai maimaita aikin ne daga farko. Nan gaba ya yi amfani da F9 ko F12, zaɓin sau ɗaya ne, ba ya canza jerin.

Maman Ihsan:
In ya kai tebur, ya buɗe Device Manager ya ga ko akwai mai alamar rawaya, ya nuna masa foldar direbobin da ya kwashe. Sannan ya sake rubuta manage-bde -status, don daga 24H2 sabon ɗori yana kulle faifai da kansa a injina da yawa, kuma makullin sabo ne, ba wanda ya rubuta a takarda ɗazu ba.